Yarinyar da ake wa ƙarin jini, an ce hadidi ya yi mata yawa

Wata uwa, Shari'a Mansur, Makka:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. 'Yata mai shekara tara tana da sikila, kuma tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki ake yi mata ƙarin jini duk wata. Jiya likita ta ce gwajin feritin, mai auna ƙarfen da ya taru a jiki, ya haura 1,000, dole a fara maganin rage hadidi, wato sinadarin ƙarfen da ke cikin jini. Kaina ya ɗaure. Yarinyar da jini bai ishe ta ba, ta ina hadidi zai yi mata yawa? Surukata ma har ta sayo mata kwalbar maganin ƙarin jini. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka min da abin da ya gani.

Ma'aikaciyar jinya, Jidda:
Hajiya, don Allah ki ɗauke kwalbar nan yau, kada ta sha ko cokali ɗaya. Kowace ledar jini tana ɗauke da hadidi miligiram 200 zuwa 250, alhali jiki ba ya zubar da fiye da miligiram ɗaya ko biyu a rana. Jinin da aka ƙara yana mutuwa, hadidinsa kuwa yana nan. Bayan leda 10 zuwa 20 sai ya fara taruwa a hanta, daga nan zuciya da gaɓar da ke yin insulin. Abin tsoron shi ne ba ya ciwo sai ya gama ɓarna. Aikin maganin shi ne ya cafke ƙwayar hadidin kamar yadda ƙaguwa ke damƙe abu, ya fitar da ita ta fitsari ko bayan gida.

Mai talasimiya (wani ciwon ƙarancin jini na gado) tun yarinta, Madina:
Anti, ni da maganin rage hadidi na allura, Desferal, na girma. Bayan sallar isha'i mahaifiyata za ta soka min siririyar allura a fatar ciki, ta ɗaura min ɗan famfon a ƙugu, maganin ya yi ta shiga a hankali awa 8 zuwa 12, dare biyar a mako. Wurin yakan kumbura ya yi ƙulli, shi ya sa kullum take canza gefe. Fitsarin safe kuma ja, kamar an tsarma zoɓo. Ranar farko kuka ta yi, ta zaci jini ne, ashe hadidin ne ke fita.

Da na shiga sakandare na gaji, nakan kashe famfon idan ta yi barci. Na yi wata da watanni a haka, ina jin lafiyata ƙalau. Hoton MRI na zuciya, wanda suke kira T2*, shi ya tona ni: lambata ta sauka ƙasa da 20, alamar hadidi ya shiga zuciya. Aka haɗa min da wani maganin rage hadidi na sha, Ferriprox, sau uku a rana, da gwajin fararen ƙwayoyin jini duk mako, domin maganin yakan karya su. Zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ya zo, asibiti kai tsaye. Na sha wahala kafin lambar ta dawo, kuma har yau ina nadamar dararen nan.

Wani uba, Jidda:
Namu yaron maganin rage hadidi mai suna Exjade aka fara ba shi, wanda ake narkarwa a ruwa ko ruwan lemo, a sha rabin awa kafin karin kumallo. Yaron ya ce kamar alli, kullum sai an yi daru kafin motar makaranta ta iso. Da aka mayar da shi Jadenu, ƙwaya ce a haɗiye, muka huta. Kuskurena ɗaya, Hajiya, kada ki maimaita: ya yi amai da gudawa lokacin zafi, na ci gaba da ba shi don kada ya tsallake rana. Gwajin ƙoda ya tashi. Likita ya ce idan jiki ya rasa ruwa a dakata, a kira su. Yanzu gwajin ƙoda da hanta duk wata, ido da kunne duk shekara, ba ma fashi.

Wata kaka, Makka:
'Yata, kada ki ji haushin surukarki, ƙauna ce. Ni ma haka na dinga ɗura wa jikana gasasshiyar hanta da wannan kwalbar, sai da likita ta zaunar da ni. Ki tafi da surukar taki ranar ganin likita ta ji da kunnenta. Mu zamaninmu babu gwajin jini kafin aure, sai a 2004 aka wajabta shi a nan Saudiyya.

Uwar da ta fara magana:
Allah Ya saka muku da alheri. Na ɗauke kwalbar, kuma Inna ta yarda za ta raka mu ranar Talata. Jadenu aka rubuta wa yarinyar. Malam na Jidda, da azumi wane lokaci kuke ba naku, bayan buɗa-baki ko da sahur? Tawa ta dage bana sai ta gwada rabin yini, zan kuma tambayi likitarta.