Katin Zaɓe: A Je Ko A Zauna? Musayar Waƙa Daga Jos

Ɗan Gangare:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ana ta kiran a adana katin zaɓe, ga abin da ke raina.

Ku ƙyale ni da zancen katin nan,
Na yi zaɓe, ni dai ban ga riba ba.
A 2023 tun asuba ina kan layi,
Ko koko ban tsaya na sha ba.
Sabuwar naira ta ɓuya a banki,
Tsohuwar kuma mai shayi bai karɓa ba.
Aka ce sakamako zai hau intanet nan take,
Har dare na shugaban ƙasa bai hau ba.
Ranar rantsuwa aka ce tallafin mai ya tafi,
Har yau lita ba ta koma gidan jiya ba.

'Yar Rikkos:
Yaya, da amsa-amonka zan amsa maka.

Kukanka na ji shi, Yayana,
Ko kalma ɗaya ban ƙaryata ba.
Amma miliyan 93 ne suka yi rajista,
Ƙuri'un da aka kaɗa ba su cika miliyan 25 ba.
Wanda ya hau kujerar mulkin ƙasar nan,
Nasa ba su kai miliyan 9 ba.
A 2019 kashi 35 muka fito,
A 2023 ko 30 ba mu kai ba.
Mai jakar kuɗi yana son rumfa ta bushe,
Mutum ɗari ba za su gagare shi saye ba.
In mu dubu ne muka cika filin makaranta,
Atamfarsa da maginsa ba za su isa ba.

Baba na Dilimi:
Allah ya yi muku albarka. Ni tsoho ne, ku bar ni in canza amo.

'Ya'yana ku matso ku ji na da,
Zamanin da talaka ya san jam'iyya.
A 1950 aka kafa NEPU a Kano,
Malam Aminu ya ce talaka ya daina shan wuya.
An ɗaure mutane, an zane su da bulala,
Gambo Sawaba ta sha kurkuku, ba ta ja da baya.
Matan Arewa sai a 1979
Suka zaɓi shugaban ƙasa, 'yata, kin ji tafiya.
A wannan shekarar jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna,
Rimi da Balarabe, aƙida ce, ba taliya.
Nan Filato Solomon Lar ya ci a NPP,
Kowa ya san abin da tutarsa ke ɗauke da shi na kaya.
Yau ɗan takara ya kwana a ƙarƙashin lema,
Gari na wayewa ka gan shi da tsintsiya.

Ɗan Gangare:
Baba, ka faɗi ciwon da bakinka,
In babu aƙida, me zan dangwala wa?
Kuma 2008 na nan a zukatanmu,
Zaɓen Jos ta Arewa, da jinin da ya biyo bayan ƙirgawa.
Maƙwabcin da muke cin tuwon salla da Kirsimeti tare,
Ya tashi daga unguwa, har yau babu dawowa.

'Yar Rikkos:
Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, Yaya,
Wannan rauni ne da bai gama warkewa ba.
Shi ya sa nake ƙin mai zuwa da addini da ƙabila,
Alhali bai ce komai kan ruwan famfo ba.
Kasuwar Terminus ta ƙone tun 2002,
Har yau ba ta koma yadda take ba.
Wannan za mu tambayi kansila da ɗan majalisa,
Mu ƙi tafi in ba su amsa ba.
Ran zaɓe mu tsaya a ƙirga a gabanmu,
Kar mu watse ba mu ɗauki hoton takardar sakamako ba.

Ɗan Gangare:
To ƙanwata, ku kawo su majalisarmu bayan la'asar,
Benci na nan, ni zan fara tambayar Terminus.
Ban yi alkawarin dangwala wa kowa ba tukuna,
Sai na ji wata da shekarar da za a fara aiki.