Tsallaka Atilantika a jirgin ruwa da yara, ya ake cinye kwana bakwai a ciki?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen wanda ya taɓa yi ko ya san kan abin. Muna da hidima a New York cikin watan Agusta, mu kuma muna Ingila, shine maigidan ya kawo shawarar mu bi jirgin ruwa daga Southampton saboda Hajiya mahaifiyarsa bata ƙaunar jirgin sama ko kaɗan, tunda aka fara maganar tafiyar take cewa ita a barta a gida, mu kuma bazamu iya barinta ba. Ya nuna min wani jirgin ruwa mai suna Queen Mary 2 wai kwana bakwai ake yi a ruwa ba a tsayawa ko'ina. Toh ni abinda ya tsaya min a rai yara ne, babbar shekararta 9, mai bi mata 5 kuma namiji ne baya zama wuri ɗaya, sai na goye shekara ɗaya da wata huɗu. Me mutum zai rinƙa yi dasu daga safe har dare a tsakiyar teku? Wanki fa? abinci fa? Kuma gaskiya ina jin tsoro, ina tuna ruwan nan sai gabana ya faɗi.

Anti Bilki:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, na bi wannan hanyar da yarana kuma abinda zan fara gaya miki shine ranar bata isar mutum ma, ba wai zaman kaɗaici ake yi ba. Kullum da daddare ana kawo takarda ɗaki mai ɗauke da tsarin gobe, awa kaza abu kaza a wuri kaza, ku zauna da babbar ku sa biro a kan abinda kuke so, wannan kaɗai yana sa yaro ya ji dashi ake tafiyar.

Yadda ranarmu take tafiya, da safe mu karya a Kings Court, nan ne wurin ɗebi da kanka, ba ruwan kowa da hayaniyar yara. Daga nan a miƙa su wajen wasansu. An raba su ne da shekaru, 2 zuwa 7 nasu daban, 8 zuwa 12 daban, matasa ma daban, akwai ma'aikata da aka horar suna kula dasu kuma ba a biyan komai a kai, amma kiyi musu rajista tun ranar farko kada ki bari sai gobe. Zane, wasanni, neman abinda aka ɓoye a cikin jirgi, kallon fim, irin wannan. Na goyen bai kai shekara 2 ba, don haka ba zaki ajiye shi ki tafi da rana ba, sai dai ki zauna dashi a wurin yayi wasa, amma da yamma daga ƙarfe 6 akwai ɗakin raino na jarirai 'yan ƙasa da shekara biyu, za a iya kwantar dashi ku samu ku ci abinci cikin natsuwa.

In yara sun tafi sai ku ja Hajiya ku fita bene na 7, shine wanda ya zagaye jirgin gaba ɗaya ta waje, zagaye uku ya ɗan haura mil ɗaya, ga kujerun katako a jere wanda ya gaji ya kishingiɗa ya lulluɓa yana kallon ruwa. Wlh dattijai sun fi kowa morar wurin nan. Akwai laburare a bene na 8 can gaba, littattafai dubbai har da na yara, ana aro a kai ɗaki. Ƙarfe 12 na rana a busa ƙahon jirgi, kyaftin yayi magana ta lasifika ya faɗi inda ake da nisan da aka ci da yanayin teku, nawa yaran sai da suka samo taswira suna ɗiga alama kullum, ba wanda ya sa su. Lokacin da muka bi akwai kuma zauren da ake nuna taurari a rufin sama kina kwance a kujera, in har yanzu ana yi kada ki bari ya wuce 'yarki, sai dai a nemi gurbi da wuri don kujerun da ke ƙarƙashin rufin basu da yawa. Ƙarfe 3 da rabi shayin la'asar a zauren Queens Room, masu kawowa da farin safar hannu, ga masu kiɗa a gefe, yara suna zuwa ba a hana su, kawai ki zaunar da ɗan shekara 5 kusa da ke.

Shi ɗan naki da baya zama, ki kaishi bene na 12 ya ga karnuka. Eh da gaske, jirgin yana da keji 24 na karnuka da kyanwoyi na fasinjoji, masu su ne kaɗai ke shiga ciki amma ana tsayawa daga bakin shinge a kalle su lokacin da aka fito dasu shan iska. Wurin ninkaya ma akwai mai rufi da ake shiga ko ana sanyi.

Wanki kada ya dame ki, akwai ɗakunan wanki a benayen kwana, inji da na busarwa da dutsen guga har sabulu kyauta, kawai dai ki je da sassafe ko lokacin da mutane suka tafi cin abincin dare saboda layi. Kuma ba a ƙayyade yawan akwati kamar jirgin sama, in dai zasu shiga ɗakinku kuma kowanne bai wuce kilo 23 ba, in kin kwashe kaya ki tura su ƙarƙashin gado.

Injiniya Sadi:
Hajiya Maman Ilham bari in taɓa ɓangaren tsoron tunda Anti ta gama da sauran. Wannan jirgin ba irin na yawon shaƙatawa bane da suke bin gaɓa suna tsayawa gari gari, an ƙera shi ne musamman don tsallaka Arewacin Atilantika, kuma a yanzu shi kaɗai ya rage yana wannan jigila a kai a kai. A Faransa aka ƙera shi, ya fara aiki a 2004, tsawonsa mita 345, yana ɗaukar fasinja sama da 2,600 da ma'aikata wajen 1,200. Ƙarfen jikinsa ya fi na sauran kauri, goshinsa dogo ne mai tsini don ya rinƙa yanka igiyar ruwa maimakon ya hau kanta ya faɗo, ya nutse cikin ruwa wajen mita 10, sannan yana da wasu fukafukai guda 4 a ƙarƙashin ruwa da ake fiddo su su rage tangaɗin gefe da gefe. Shi ya sa ma aka sa manyan zaurukan cin abinci a ƙasa ƙasa inda motsi ya fi sauƙi. Zai iya gudun da ya fi wanda yake yi, da gangan ake tafiya a hankali a cika kwana bakwai.

Na san abinda ke zuwa ran kowa Titanic ne, kuma gaskiya ne daga Southampton ta tashi a Afrilun 1912 zata New York, ta daki dutsen ƙanƙara ta nutse. Amma wannan hatsarin ne ya jawo dokokin da ake bi yau, dole kwale-kwalen ceto ya ishi duk wanda ke cikin jirgi, kuma tun daga lokacin akwai masu sintirin da aikinsu kenan bin diddigin duwatsun ƙanƙara a yankin Newfoundland suna sanar da jirage. Kafin a tashi za a nuna muku wurin taruwarku da yadda ake sa rigar ceto, ki tabbatar an kawo muku daidai jikin yaran har na goyen. Akwai asibiti da likita a ciki, amma biya ake, don haka ku yi inshorar tafiya mai kyau musamman saboda Hajiya, kuma magungunanta su kasance a jakar hannu da rara.

Abu ɗaya da kuka dace dashi, yamma zaku nufa. Tsakanin Ingila da New York awa 5 ne, toh ba a haɗa miki shi lokaci ɗaya, a darare biyar ana mayar da agogo baya da awa ɗaya, kenan ranarku awa 25 ce. Kuna sauka jikin kowa ya riga ya saba da lokacin can, ba yaron da zai tashe ki ƙarfe 3 na dare yana neman karin kumallo. In dawowa ne akasin haka, agogo gaba ake turawa, ranar ta gajarce.

Ɗaki kuma ku nemi na tsakiyar jirgi a benen ƙasa, can gaba da can sama sun fi jin motsi.

Ummu Haidar:
Ni dai zan ɗan sha bamban da su Anti, ba don abinda suka faɗa ba gaskiya bane. Yar uwa ki shirya ma ranar da teku zai tashi, domin ko wane irin jirgi ne ruwa ruwa ne. Mu lokacin sanyi muka bi, aka samu iska mai ƙarfi har aka rufe ƙofofin fita waje, ɗiyata jiri ya kwantar da ita ba ci ba sha sai amai, ni ga ƙaramin a hannu, ranar kam na gane ba inda zaka ce a tsaya ka sauka. Da gari ya waye ruwa ya lafa ta miƙe kamar ba ita ba, amma a lokacin abin ba daɗi. Agusta yafi sauƙi sosai akan Disamba ko Janairu, duk da haka ki ga likita kafin ku tafi ya faɗa miki maganin jirin da ya dace da shekarun kowane yaro, kada ki ba na goye komai da ka. In abin ya fara, a fita inda ake ganin ƙarshen ruwa a sha iska, a ci abu busasshe kaɗan kaɗan, kada a kulle a ɗaki ana kallon waya.

Na biyu, yawancin fasinjojin manya ne, dattijai masu son shiru, lokacin hutun makaranta ne ake samun yara da ɗan yawa. Mutanen suna da kirki amma ke da kanki zaki rinƙa jin nauyi in yaro yana ihu a lungun ɗakuna da safe. Sannan ɗan shekara biyar ɗin nan ido a kansa kullum in kuna waje, shingen yana da tsawo amma yaro mai hawa kujera ba a sake masa, in kun ɗauki ɗaki mai baranda ƙofar ta zauna a kulle sai da babba.

Ki riƙe rigunan sanyi ko da bazara ne, iskar tsakiyar teku daban ce, kuma wajen gaɓar Kanada ana yawan shiga hazo har ki ji ana ta busa ƙaho. Famfas da madara da duk abinda na goyen ya saba dashi ki ɗebo wanda zai kai ku har sauka, kada ki dogara da shagon ciki. Ki sani kuma yaron da bai bar famfas ba ba a barinsa shiga ruwan ninkaya.

Maman Ilham:
Kai na gode sosai wlh, Allah ya saka da alheri, har na karanta ma Hajiya batun benen zagayawa tace toh wannan da dama. Anti saura tambaya biyu, naga ana maganar wai dole sai an sa kwat da dogayen riguna da daddare, har da yara? Sannan ƙanwar maigidan tana son binmu amma tana da ciki, kuma ya batun waya, mutum zai yanke da duniya ne sati guda?

Anti Bilki:
Batun kaya da rana kowa abinda ya ga dama yake sawa, daga ƙarfe 6 na yamma ne ake so a kintsa in za a shiga babban ɗakin cin abinci ko zauren wasanni. A cikin kwana bakwai ana yin dare biyu na kwalliya sosai, maza kwat mata kayan fita biki, yara kuma ba a matsa musu, in dai tsaf suke shikenan. Ni shawarata ku yi ko da guda ɗaya ne, ku nemi zaman cin abinci na farko na wajen ƙarfe 6 kafin barci ya kama su, ku yi hoto da Hajiya a kan matattakalar Britannia, wato babban ɗakin cin abincin. Daren da kuka gaji ku wuce Kings Court da kayanku na gida ko ku sa a kawo ɗaki, ba wanda zai ce don me.

Ƙanwar mijinki ta lissafa satinta da kyau, ƙa'idar ita ce ba a ɗaukar mai cikin da zai shiga sati na 24 kafin a sauka, kuma ta nemi takardar likita ta riƙe. Jarirai ma sai sun cika shekara ɗaya ake tsallakawa dasu, naki ya wuce. Bizar Amurka kuwa yadda ake nema a jirgin sama haka ake nema a nan, kowa da tasa har jinjiri, ku gama da wannan kafin ku biya kuɗin ɗaki.

Intanet akwai ta tauraron ɗan adam, saye ake yi, ku sayi na waya ɗaya ya ishe ku gaisawa da gida, sauran ku sa su a yanayin jirgin sama saboda kada layin teku ya ja muku kuɗi. A ciki da dalar Amurka ake lissafi, katin ɗakinku shine makulli shine kuma abin biya, akwai kuɗin hidima da ake ɗorawa kowane mutum kullum, don haka ku sa shi cikin kasafi tun yanzu.

Daren ƙarshe ana fitar da akwatuna bakin ƙofa a kwashe, ki ware kayan da zaku sa da safe da na canjin yara a ƙaramar jaka. Ku kwanta da wuri ku sa ƙararrawa, tun kafin gari ya waye ake wucewa ƙarƙashin gadar Verrazzano, saman jirgin da gadar 'yan mitoci ne tsakani, kowa ya fito da bargo yana ɗaga kai, daga nan sai mutum-mutumin Liberty ta hannun hagu kafin a juya a tsaya a Brooklyn. Ki tada manyan biyu ko suna gunaguni, na goyen a barshi wajen wanda bai tashi ba.

Injiniya Sadi:
Ƙari kaɗan Hajiya, ku biyar ne da Hajiya shida, ɗaki ɗaya bazai ɗauke ku ba. Ku tambayi ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani tun yanzu don suna saurin ƙarewa lokacin hutu, ku ce a sa muku gadon jariri, kuma in tafiya mai nisa tana ba Hajiya wahala ku zaɓi kusa da lifta.