Yarana sun gama shirya komai a kansu kafin mu tafi Disneyland, ya zan yi da su?

Maman Uku:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa kai yara irin manyan filayen wasan nan. In Allah ya yarda a watan Yuli za mu je Disneyland na Paris, ni da maigida da yara uku, babbar 11, na tsakiya 7, auta 4. Kwana biyu kacal tikitinmu. Matsalar ita ce tun ranar da babansu ya yi suɓutar baki ya faɗa musu ba su da aiki sai kallon bidiyon wurin a YouTube, babbar har ta rubuta lilo 23 a bayan littafin makarantarta wai duk sai ta hau, na tsakiyan kuma kullum sai ya tambaye ni ko Mickey, ɓeran nan na katun ɗin Disney, zai zo ɗakinmu da daddare. Ni wallahi tsoro ma nake ji, kar a kashe kuɗi a sha wahalar tafiya a dawo ana kumbure-kumbure. Ya ake rage musu buri ba tare da an kashe musu murnar ba?

Baban Yara:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Abu na farko, yau ɗin nan ki samo tef ki auna tsawon kowannensu, kar ki bari sai gobe. Wuraren nan ba ruwansu da shekaru, tsawo suke dubawa. A can Paris ɗin lilon Big Thunder Mountain sai yaro ya kai santimita 102, Hyperspace Mountain sai 120, akwai ma wanda sai 140. Kin ga ɗan shekara 4 da ɗan shekara 7 duk a bakin iyaka suke, ana iya wucewa ana iya rasa santimita ɗaya.

Ni abin ya taɓa faruwa da ni a wani filin daban, ba wannan ba. Muka bi layi da yarona har muka iso gaba, ma'aikaciyar ta tsayar da shi jikin sandar awo, kansa bai taɓa ba, bai fi kaurin yatsa ba abin da ya rage. Yaron nan ya yi ɗage, ya miƙe wuya kamar zakara zai yi cara, ina! Ta yi murmushi ta girgiza kai. Kukan da ya yi ranar har yanzu in na tuna sai in ji ba daɗi, kuma laifina ne, tun a gida ya kamata in ce masa wannan ba naka ba ne bana. Ki ɗauki takardar babbar ku zauna tare ku soke duk wanda tsawo ya hana, kuka a falo ya fi kuka a bakin layi sauƙi.

Ɗan Auta:
A saka masa takalmi mai tudu kawai a wuce wurin 😂

Baban Yara:
Haba ƙanena, wasa kake ko? Ƙarfen da ke danne mutum a kujera da tsawon aka auna shi. Kar ma wani ya karanta ya ɗauka da gaske.

Anti Mai Lissafi:
Maman Uku sannu da ƙoƙari. Ni lissafi zan miki don shi ne yaran ba sa gani a bidiyo, masu bidiyo yanke layin suke yi su nuna miki minti biyun daɗin. Yuli lokacin hutun makaranta ne a Faransa, har zuwa ƙarshen Agusta, to kowa da iyalinsa yana can. Lilon da ake rububinsa a irin wannan lokaci awa ɗaya a layi ba abin mamaki ba ne, hawan kansa kuma minti biyu ko uku. Ki ƙara tafiya daga wannan sashe zuwa wancan, ki ƙara "Mama fitsari" wanda ba ya zuwa sai an kusa kai gaban layi, ki ƙara cin abinci wanda shi ma layinsa daban. Sannan fili biyu ne a wurin ba ɗaya ba, na farkon an buɗe shi 1992, na biyun 2002, kowanne da ƙofarsa. Lilo 23 a kwana biyu da ɗan shekara 4 a hannu? A'a.

Abin da nake yi da nawa, kowane yaro ya zaɓi abu ɗaya a rana wanda in bai yi shi ba ransa zai ɓaci. Ɗaya fa. Su muke fara yi da safe ana buɗe ƙofa, lokacin layi bai yi tsawo ba kuma kowa da ƙarfinsa. Duk abin da aka samu bayan nan gyara ne. Kuma ba na cewa "za mu hau", cewa nake "za mu gwada", saboda lilo kan tsaya a rufe shi na ɗan lokaci ko a rufe shi gaba ɗaya don gyara, yaro kuwa alkawari ba ya mantawa.

Ki sauke manhajarsu a waya, tana nuna minti nawa ake jira a kowane layi. Akwai kuma tsarin da suke yi wa masu ƙaramin yaro, babansu ya hau da manyan ke ki tsaya da auta, in sun sauko ke ki shiga ba sai kin sake bin layi daga farko ba, ki tambayi ma'aikacin bakin ƙofa. Tsallake layi kuwa yanzu na kuɗi ne, Premier Access suke ce masa, na kyautan da ake yi da an daina tun 2021, to ku yanke shawara da maigida tun a gida ko za ku saya ko a'a, kar rana ta yi zafi a fara wannan muhawarar a gaban yara.

Kawu Matafiyi:
Duk na yarda da ku amma ni ina ganin ba yaran ne matsalar ba, mu ne. Yaro in ya ga fareti ya wuce, ya sami balan-balan, ya ga agwagi a tafki, shi kenan ranarsa ta yi. Uba ne zai tuna kuɗin tikiti ya fara "ku tashi mu tafi, ba zama muka zo yi ba". Ni na yi wannan, na ja yara tun safe har dare don a ci kuɗin, da muka dawo na tambayi ƙaramar me ya fi burge ta sai ta ce wankan da suka yi a kwamin iyo na otal. Sai da na yi shiru na ɗan lokaci.

Kuma 'yata ki lura, a Yuli rana ba ta faɗuwa a Paris sai wajen tara da rabi zuwa goma na dare, wasan wutan nan da suke gani a bidiyo sai an zo tashi ake yinsa. In a cikin gari kuka sauka, jirgin ƙasa na RER A daga tashar Marne-la-Vallée da ke bakin Disneyland zuwa cikin Paris kusan minti 40 ne, kin ga sha biyun dare ta yi muku a hanya da yaro a kafaɗa. Ku zaɓi dare ɗaya a cikin biyun, ranar kuma a huta da rana sosai. Auta ko yana cewa shi babba ne ki samo masa keken turawa.

Maman Uku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna su yanzun nan a jikin ƙofar kicin, na tsakiya 122 har da tsallensa, auta kuma 99, shi bai ma san me ake ciki ba yana ta dariya wai a sake. Babbar mun zauna mun rage takardar zuwa 8, da ƙyar, ta ce sauran ta ajiye ba ta soke ba. Kawu maganarka na tura wa maigida ban ce komai ba, ya karanta ya turo min "hmm". Saura batun Mickey da zuwa ɗaki, shi kam yau ma sai da ya tambaya ko a ajiye masa filo.