Wa kuka ba kalmar sirrinku ta kallo, kuma yaya aka ƙare?

Mai Kallon Dare: Jama'a, ku zo mu faɗa wa juna gaskiya. Jiya na dawo a gajiye, na kunna manhajar kallon da nake biya duk wata, sai ta ce na'urori sun cika, in jira wani ya sauka. Ni da kuɗina! Ƙanina kaɗai na ba kalmar sirrin nan, amma da na duba jerin na'urorin da suka shiga, tara na ƙirga. Ashe shi ya ba abokinsa, abokin ya ba budurwarsa, ita kuma Allah kaɗai ya san wanda ta ba. Wa irin haka ta taɓa samu?

Uwar Biyu: Malam, naka da sauƙi. Wani fim mai dogon zango nake bi a hankali, kashi ɗaya kullum bayan yara sun yi barci. Na tsaya a kashi na 6. Ƙanwar maigidana ta shiga da furofayil ɗina, wato ɓangarena na kallo a cikin asusun, ta kalle zangon tas cikin kwana biyu. Na danna "ci gaba" ban duba ba, sai ga ni a kashin ƙarshe, wanda nake zargi tun farko yana hannun 'yan sanda. Har yau ban iya komawa kansa ba. Ga shi manhajar ta ɗauka irin finafinanta nake so, su take ta jero min.

Malamin Lissafi: Hajiya, maganin naki yana cikin saiti. A Netflix, misali, asusu ɗaya na ɗaukar furofayil har 5, kuma ana iya kulle kowanne da lambobi huɗu. Sai dai yawan furofayil daban, yawan masu kallo lokaci guda daban: matsakaicin tsarin biyan kuɗi na'ura 2 ne, babban kuma 4. Abin dariyar shi ne, a 2017 kamfanin da kansa ya wallafa a Twitter cewa raba kalmar sirri alamar soyayya ce. A 2022 ya ce gidaje sama da miliyan 100 na kallo da asusun wasu, a Mayun 2023 kuma ya fara taƙaita asusu ga 'yan gida ɗaya a Amurka da ƙasashe da dama. Adireshin intanet da shaidar na'ura yake dubawa ya gane wanda ba ɗan gida ba. Disney+, wata manhajar kallon, ita ma ta bi sahu a 2024.

Ɗan Auta: To ni dai bari in tona kaina, ina ɓangaren waɗanda ake kuka da su. Shekara biyu ina kallo da asusun wani da muka taɓa zama ɗaki ɗaya, mun ma daina waya. Sai ƙarfe ɗayan dare nake shiga don kada mu yi karo, in na gama in goge tarihin kallo. Ran nan na tarar an canza sunan furofayil ɗin zuwa "Kai wane ne?" Wallahi kunya ta hana ni barci. Ban amsa ba, ban kuma daina ba.

Uwar Biyu: Kai Auta, ba ka da ta ido!

Mai Kallon Dare: Yallaɓai Malami, na bi shawarar da ka turo min: na fitar da duk na'urorin, na canza kalmar sirri. Minti ashirin ba a yi ba waya ta yi ƙara. Ba ƙanin nawa ba ne, Gwaggo ce, wai talabijin ɗinta ta lalace ana tsakiyar fim, in zo in duba mata. Ashe talabijin ɗinta na cikin na'urori taran. Na tsaya ina karanto mata sabuwar kalmar harafi-harafi, tana maimaitawa da ƙarfi, ina jin muryar jikokinta a gefe suna cewa ta sake faɗin na ƙarshen.