Tur mai aiki da kwamfuta (CNC): zai yi mana aiki nan Maradi kuwa?

Ɗan_Mokoyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa lafiya. Ni yaron shago ne, shekarata shida ina aikin tur, injin nan mai juya ƙarfe ana fere shi, wajen maigidana, yawancin aikinmu sandar injin niƙa ce da ta injin ban ruwa na mutanen Jiratawa sai gyaran mazaunin rulma. To kwanan nan wani ya zo ma maigida da maganar wani tur na CNC, wanda an riga an yi aiki da shi, wai za a kawo shi daga waje, maigida ya ce in bincika tunda ni ke shiga intanet. Ni dai bidiyo na gani, inji a rufe kamar ɗaki, ruwa na ta feshi ciki, ba mai taɓa komi, ƙarfe ya shiga dunƙule ya fito yana walƙiya har suka ce titaniyom ne na jirgin sama, wallahi abin ya tsaya mini a rai har na kasa barci. Don Allah masana, mi ya sa nasu ke yanka irin ƙarfen nan namu ba ya iyawa, kwamfutar ce kawai? Kuma zai jure wutarmu da ƙurar hunturu?

Injiniya_Bagalam:
Wa alaikumus salam ƙanena, ka yi tambaya mai kyau. Ita kwamfutar ai tsohon labari ce, tun 1952 aka nuna injin farko mai bin lambobi a jami'ar MIT ta Amurka, lokacin da takarda mai huji-huji ake ba shi umarni. Yau ma umarnin layi-layi ne, G-code ake ce masa, je nan, sauka nan, juya da gudu kaza. Inda aka ci gaba sosai wajen haƙorin yankan ne da wajen awo.

Ɗauki titaniyom ɗin da ka gani. Nauyinsa bai fi kashi 60 cikin 100 na ƙarfen da kuke aiki da shi ba amma ga ƙarfi, matsalarsa ba ya kwashe zafi, in kana yanka baƙin ƙarfe ɓarɓashin ne ke tafiya da yawancin zafin, shi kuwa wannan sai zafin ya taru a bakin wuƙa ya cinye ta nan take, shi ya sa suke rage gudu kuma su turo ruwa da ƙarfin tsiya ta cikin wuƙar kanta, wasu injinan matsin ruwan har bar 70, bar ɗin ma'aunin matsi ne. Akwai wanda ya fi shi taurin kai, Inconel, wani gaurayen ƙarfe na cikin injin jirgi inda wuta ke ci, shi kana yanka yana ƙara tauri a inda wuƙa ta shafa. Sai kuma zaren kabon da aka ƙame da danko, wanda kusan rabin nauyin jirgin Boeing 787 shi ne, wannan ba ƙarfe ba ne ma amma yana goge wuƙa kamar dutsen wasi, in ka huda shi da gaggawa ya ɓare falle-falle, sai da haƙori mai lu'ulu'u. Haƙoran yanzu na kabaid ne, wani haɗi mai tsananin tauri, an shafe su da wani siririn rufi, ruwan zinaren nan da kake gani a kansu ke nan, ba ado ba ne.

Wajen awo kuma lissafinsu da mikron ne, wato milimita ɗaya a raba ta 1000, gashin kai ma yana kai wajen mikron 70. Injinan kirki suna da ɗan yatsa na awo da ke taɓa aikin tun bai sauka ba, in haƙori ya ci sai a gyara lissafi. Masu kusurwa biyar kuma suna karkata aikin su kai ma kowane ɓangare a ɗauri ɗaya, ka san duk kwancewa da sake ɗaurawa kuskure ne ke shiga.

BabaMaiTur:
Ɗana, ɗan ƙanena ne ya karanto mini tambayarka na ce ya rubuta mini amsa. Abin da injiniya ya faɗa gaskiya ne amma wa zai kawo maka titaniyom a Maradi? Shekarata sama da talatin a aikin nan, abin da ke zuwa sanda ɗaya ce ta karye, mai ita na tsaye kanka yana son komawa gona kafin la'asar. Kafin ka zana ta a kwamfuta na gama ta da hannu. Injin nan ribarsa sai in abu ɗaya za a yi ɗari ko ɗari biyar. Ka gaya ma maigidanka ina gaishe shi, ya fara neman wanda zai ba shi irin wannan aikin kafin ya fidda kuɗinsa, kuma ya tuna an taɓa ɗauke mini wuta ina tsakiyar yanka zaren da ake ɗaura noti, ni na ja hannu na tsira da aikin, shi injin wa zai ja masa?

Injiniya_Bagalam:
Baba Allah ya ƙara girma, maganar wuta kam ba musu, sai da wuta mai layi uku, irin ta manyan injuna, mai tsayayyen ƙarfi da abin daidaita wuta, in da hali da janareta. Kuma akwai abin da ya fi ƙura tada mini hankali, zafi. Sandar ƙarfe mai mita ɗaya tana ƙara tsawon wajen mikron 12 duk ƙarin zafi na digiri ɗaya, to tsakanin asuba da azahar a watan Afrilu in aka samu bambancin digiri 20 ka ga kusan kwatan milimita ke nan, shi ya sa a duniya aka tsayar da awon ƙa'ida a digiri 20. Ƙarƙashin rumfar kwano ba za ka samu awon da ka gani a bidiyo ba, sai ɗaki rufaffe mai sanyi. Amma ban yarda a ce ba namu ba ne Baba, masu ƙera injin ɓarzar gero da na matsar man gyaɗa ai kaya iri ɗaya suke maimaitawa, a nan kasuwar take.

Ɗan_Tasawa:
Abokina ni shawarata kar ku fara da tur. Ni da teburin plasma na CNC na fara, injin da ke yanka ƙarfe da wuta, yanka faranti na ƙofofin gida da tagogi masu zane, a nan ko an kauce rabin milimita ba mai ganewa kuma masu walda ba sa barinka ka zauna. Da shi na koyi zane da G-code, manhajar zane ta FreeCAD kyauta ce ka sauke ka fara yau. Yaran da suka fito makarantar fasaha ta Maradi, Lise Teknik Ɗan Kasawa, ma wasunsu sun san zanen, ku nemi ɗaya.

Ɗan_Mokoyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba gaisuwarka ta isa, maigida ya ce maganarka ita ce tasa. Amma har yanzu yana son ya ga injin. Yaya injiniya in mun je mi za mu duba?

Injiniya_Bagalam:
Ku fara da kwamfutar da ke jikinsa, in ta kamfanin Fanuc ce ko Siemens za a samu kayan gyara da mai gyara, in wata ce da ba a sani ba ku bar shi. Ku tambaya ko akwai kwafin saitinsa a ajiye, don tsofaffin nan ɗan batiri ne ke riƙe saitin, in ya mutu injin na ajiye komi ya goge. Kar ku biya sai an kunna shi gabanku, ku je da sandarku ya yanka guda biyar iri ɗaya, ka auna su da ma'aunin shagonku ka turo mini lambobin.