Wata Goma Sha Ɗaya Ina Jira, Amsar Ta Zo a Layi Uku

Ɗalibar digiri na uku, sashen nazarin zamantakewa: Assalamu alaikum, iyayena malamai da 'yan'uwa. Ku yi mini haƙuri, abu ne ya cika mini ciki. Wata goma sha ɗaya ke nan da na tura maƙala ga wata mujalla, a kan dalilan da ke sa masu tarin fuka su daina shan magani kafin cikar wata shidan da aka ƙayyade musu. Na yi hira da mutum 26, kuma kowace hira ta awa guda sai ta ci mini kusan awa shida kafin in mayar da ita rubutu. A cikinsu akwai wata baiwar Allah da ta zubar da ƙwayoyinta saboda ta ga fitsarinta ya yi ja, ta ɗauka jini ne, alhali maganin rifamfisin ne ke rina shi, babu kuma wanda ya taɓa gaya mata. Jiya amsa ta iso daga mai bita, wato masanin da mujalla ke ba maƙala ya tantance kafin a buga ta, wanda ban san ko wane ne ba, layi uku kacal, wai mutanen sun yi kaɗan kuma babu ƙididdiga. Ni a ganina ɓoye sunan mai bita zalunci ne, domin wanda ya san ba za a gane shi ba ba ya jin nauyin abin da ya rubuta. Ya kamata mu masu aikin kimiyya mu nemi a riƙa bayyana sunayensu.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki haƙuri, ƙanwata, amma kafin a je ga mai bita akwai kalmar da ta tsaya mini a rai. Kin ce "mu masu aikin kimiyya". Hira da mutum 26 aiki ne mai amfani, sai dai ba kimiyya ba ce. Kimiyya ita ce abin da za a auna, wani ya sake aunawa a wani wuri, amsa ta fito ɗaya. Idan na ɗora wa sandar ƙarfe nauyi har ta karye, wani a Jamus ko Japan ya gwada irinta, kusan a kan nauyin nan za ta karye masa.

Farfesa, sashen nazarin zamantakewa: Injiniya, da wannan ma'aunin naka ka kori masu nazarin taurari da masu nazarin duwatsu daga gidan kimiyya ba tare da ka lura ba, domin babu wanda zai iya maimaita fashewar tauraro ko girgizar ƙasa a ɗakin gwaji. Abin da suke yi shi ne lura cikin tsari, da kwatanta abin da suka gani, da buɗe hanyar da suka bi don wani ya binciki kuskurensu, kuma abin da yarinyar nan ta yi ke nan. Alƙaluma za su gaya wa likita mutum nawa suka daina shan magani, amma ba za su gaya masa cewa launin fitsari ne ya firgita wata ba.

Injiniya: Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya, ba raini nake yi ba, hujja ce a hannuna. A 2015 mujallar Science ta buga sakamakon masu bincike da suka sake gudanar da gwaje-gwaje 100 na ilimin halayyar ɗan'adam. A karon farko 97 daga ciki sun nuna sakamako mai ƙarfi, da aka maimaita sai 36 kaɗai suka tsaya da ƙafarsu.

Dakta, sashen halayyar ɗan'adam: Don Allah, Injiniya, kada ka jefa mu cikin rigimar da ba tamu ba. Ɗalibar nan ba daga sashenmu take ba, kuma waɗanda suka yi aikin 2015 ɗin 'yan fanninmu ne, su suka tona asirin kansu da kansu. Tun da ka ɗauko wannan, to ka haɗa da na 2012, lokacin da masu binciken kamfanin haɗa magunguna na Amgen suka bayyana a mujallar Nature cewa sun yi ƙoƙarin tabbatar da manyan bincike 53 kan cutar daji, shida kawai suka tabbata. Waɗannan da ƙwayoyin halitta da na'urori aka yi su, ba da hira ba.

Likita: Dakta, a bambance tsakanin gwajin ɗakin bincike da gwajin asibiti. Maganin da zai shiga jikin majiyyaci sai ya bi matakai uku na gwaji a kan mutane, kuma a mataki na uku ana raba ɗaruruwa ko dubbai kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Babu fannin da ya kai mu tsantseni.

Dakta, sashen halayyar ɗan'adam: To, Likita, a 1998 mujallar Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield da ta danganta rigakafin ƙyanda da cutar galahanga, a kan yara 12, kuma ba a janye ta ba sai 2010. Ina tsantsenin yake a waɗannan shekaru goma sha biyu?

Likita: Wannan ha'inci ne na mutum ɗaya, kuma a 2010 ɗin hukumar likitocin Birtaniya ta soke sunansa daga rajista. Ba daidai ba ne a shafa wa dukkanmu kashin kaji saboda shi.

Malami, sashen harsuna: Ku gafarce ni, ina ganin kuna ja-in-ja a kan kalmar da muka aro. Kimiyya daga Larabci ta zo, kuma asalin ma'anarta sana'ar haɗa sinadarai ce, har da neman mayar da ƙarfe zinariya. Daga baya ne muka ɗora mata nauyin da take ɗauke da shi yanzu. Kalmar ilimi ta ishe mu duka.

Injiniya: Malam, ilimi ya haɗa da nahawu da waƙa. Idan aka bi ta taka, to kowa ma masanin kimiyya ne.

Ɗalibi, ajin ƙarshe: Ni dai Farfesa ce ta koya mini hanyoyin bincike, kuma ban ji daɗin yadda Injiniya ya tsallake hujjarta ta taurari bai ce komai a kai ba.

Ɗalibar digiri na uku: Iyayena, ina roƙonku, tambayata a kan ɓoye sunan mai bita ce.

Dakta, sashen fiziks: 'Yar'uwa, akwai masu ra'ayinki, domin mujallar likitanci ta BMJ tun 1999 take sanar da marubuci sunan mai bitarsa. Amma ki duba abin da ya faru a 1936. Einstein da Nathan Rosen sun tura wa mujallar Physical Review maƙala suna cewa babu igiyoyin da ƙarfin jan nauyi ke haifarwa a sararin samaniya. Mai bita da aka ɓoye sunansa ya nuna akwai kuskure, Einstein ya fusata ya janye maƙalar, daga baya kuma ya gyara matsayarsa. A 2015 aka gano igiyoyin da na'ura. Da sunan mai bitar a fili yake, anya zai iya tunkarar mutum kamar Einstein?

Injiniya: Madalla, Dakta, ka kawo ƙarshen zance. A fiziks ana iya nuna wa Einstein kansa kuskure da lissafi. A hira kuwa, wa zai nuna wa mai bincike cewa ya yi wa maganar matar nan gurguwar fahimta?

Farfesa: Duk wanda ya saurari muryar da aka naɗa ya karanta rubutun zai iya. Injiniya, ka taɓa karanta maƙala ɗaya ta fanninmu daga farko har ƙarshe?

Injiniya: Ranki ya daɗe, ba sai na karanta ba kafin in san hanyar da aka bi.

Shugaban zaure, Dakta a sashen sinadarai: Jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Abin da ya fito fili shi ne, mafi yawan waɗanda suka yi magana sun yarda cewa ginshiƙin kimiyya awo ne da maimaita gwaji, kuma alƙaluman 2015 da Injiniya ya kawo babu wanda ya musanta su. Malamin harsuna ya tabbatar mana cewa kalmar ma asalinta ta masu sinadarai ce. Farfesa ta yi bayani mai kyau a kan amfanin hira a matsayin share fage kafin bincike na sosai. Maganar cutar daji da ta Wakefield sun kauce daga batunmu, don haka ban saka su ba. Game da sunan mai bita, misalin Einstein ya wadatar cewa ɓoyewar ita ce daidai. Shawarata ga 'yarmu ita ce ta shirya takardar tambayoyi, ta raba wa mutum ɗari uku ko fiye, ta nemi masanin ƙididdiga ya duba mata, sannan ta sake turawa. Na rufe wannan batu, kuma duk mai ƙarin magana ya same ni ta saƙon sirri.