An manta kwampires a cikin ƙanwata, za mu iya kai ƙara?

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum jama'a. Daga Tahoua nake rubutu, kuma raina a ɓace yake. Wata biyar ke nan da aka yi wa ƙanwata aiki aka ciro mata ɗa namiji lafiya lau. Bayan suna sai zazzaɓi, ga mara tana murɗa mata, ko goyo ba ta iyawa. Sau uku muna komawa, kullum a ce masassara ce, a rubuto magani. Da ta fara amai muka ɗauke ta sai Yamai, tafiyar sama da kilomita 500 tana kwance a cinyar Inna. Aka yi hoto, aka sake buɗe ta, sai ga kwampires, ƙyallen nan da ake tsane jini da shi lokacin aiki, ya dunƙule da mugunya, ya manne da hanji. Ni na riƙe robar da aka sa shi, na gani da idona. Mijinta ya sayar da raƙumarsa da tumaki huɗu. Baba ya ce ƙaddara ce, a bar wa Allah. Na yarda da ƙaddara, amma har yau ko mutum guda bai ce mana sannu ba. Don Allah masu sani, akwai hanyar shari'a?

Lauyar Yamai:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Hanya akwai. Dokarmu ta gaji ta Faransa, inda tun hukuncin Mercier na 1936 aka tsayar cewa likita bai ɗauki alkawarin warkarwa ba, alkawarinsa shi ne kulawa ta tsanaki bisa ilimin zamaninsa. Shi ya sa ba kowace mutuwa ko wahala ce ke zama laifi ba. Amma barin abu a cikin mutum sakaci ne da ba ya buƙatar dogon musu.

Ba ka ce asibitin na gwamnati ba ne ko kilinik mai zaman kanta. In na gwamnati ne, da hukuma za ku yi shari'a, kuma sai an fara rubuta mata takardar neman diyya kafin a je kotu. In kilinik ce, ita da likitan ake kai ƙara. Tun yau ka nemi rahoton aikin biyu, na Tahoua da na Yamai, da hotunan, da duk wani rasit, har na mota. Alƙali zai naɗa wani likita ya duba, kuma takarda yake karantawa. In kuɗin lauya ya gagara, ka tambayi ofishin ANAJJ, hukumar da ke taimaka wa marasa hali a shari'a, a babbar kotun Tahoua, aikinsu ke nan. Ka sani fa, ƙanwarka ce mai haƙƙi, da yardarta za a yi komai.

Tsohon Majo:
Yaro, shekara 27 na yi a ɗakin aiki, labarinka ya hana ni barci. Kwampires in ya sha jini, kamarsa ɗaya da nama, ido ba ya raba su. Maganin abin ƙirga ne: a ƙirga kafin yanka, a ƙirga kafin ɗinki, da murya, mutum biyu. Na taɓa riƙe hannun wani babban lokotoro na ce ba za a rufe ba, guda ya ɓace. Ya yi mini tsawa a gaban yara. Muka laluba, yana can bayan mahaifa. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar dubawa mai tambaya 19, ƙirgan nan yana ciki. Da aka gwada ta a asibitoci 8, mutuwa bayan aiki ta sauka daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. Takarda ce da biro, ba ta son lantarki. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne komawarku sau uku. Mai jego da aka yi wa aiki ta dawo da zazzaɓi da ciwon mara, ai cikin ake fara tuhuma.

Ƙaramar Likita:
Baba Majo, gaskiya ka faɗa. Ni ma na yi gadin dare da aiki biyar a jere, mu uku kacal, amma gajiya ba ta wanke kowa. Mu tsoro ke rufe mana baki, muna ganin in mun amsa kuskure mun kai kanmu kotu. Asibitin jami'ar Mishigan a Amurka ya fara gaya wa majinyata gaskiya tare da ba da haƙuri da diyya tun 2001, kuma ƙararraki raguwa suka yi. Yayana, ko ba ku je kotu ba, ku rubuta wa shugaban asibitin da ƙungiyar Ordre ta likitoci.

Ɗan Adar:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na gwamnati ne. Na karanta wa ƙanwata amsoshinku, ta yi shiru, sannan ta ce ita ba ta son a ɗaure kowa, so take wanda ya yi aikin ya zauna ya faɗa mata abin da ya faru, a kuma mayar wa mijinta dabbobinsa. Rasit ɗin suna cikin kwallar Inna, na tattara 14. Gobe bayan azahar zan sami kawunmu ya raka ni wurin Baba, don maganar kawu kaɗai Baba yake ji.